Bilendar haɗa simuti (markaɗaɗɗun ƴaƴan itace na sha) mai sauƙin kuɗi: wacce za ki ɗauka a Jos?

Abu na farko dai, don Allah ki daina kallon lambar nan da ake rangaɗawa a jikin kwali. Za ki shiga shago a Terminus ko kan Ahmadu Bello Way ki ga bilenda an rubuta mata 4500W, wato wat, ma'aunin ƙarfin wutar da take ja, wata ma har 8000W, mai shago yana ta rantse-rantse wai har dutse tana niƙawa. To filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi, fis ɗin cikinsa amfiya 13 ne, wutarmu kuma 230 ce, in aka lissafa iyakacin abin da zai ɗauka bai wuce wat 3000 ba, shi ma sai irin su hita da butar lantarki ke kusantar nan. Kin ga kenan 8000 ɗin nan ado ne kawai. Gara ki ɗaga injin ki ji nauyinsa a hannu, mai wayar jan ƙarfe a ciki yana da ɗan nauyi kuma ya fi jure zafi, wanda kika ɗaga kika ji shi sakayau kamar ba komai a ciki ki ajiye musu kayansu.

Tambayar da ya kamata ki fara yi wa kanki ita ce me zan dinga markaɗawa. In ayaba ce da gwanda da kankana da fiya da ɗan kindirmo ko yogot, wat 350 zuwa 400 ma ya ishe ki wallahi. In kina son saka kayan da suka daskare a firiza, ko dabino, ko sitiroberin nan namu na wajen Vom da ke cika gari lokacin sanyi ki daskarar ki ajiye, to ki nemi 500 zuwa 700. Ƙanƙara zalla da aya kuwa wannan aikin manya ne, daga 1000 zuwa sama.

Ƴar ƙaramar nan mai caji da ake ta tallatawa a Instagram da WhatsApp, mai kama da gorar ruwa, ita ce ta fi arha kuma ita ce ta fi jan ido. Gaskiya tana da amfaninta, ko an ɗauke wuta za ki haɗa kofi ɗaya, ɗalibai a hostel ko mai zuwa ofis za ta yi musu. Amma fa sai kin yanka komai ƙanana ƙanana kin zuba ruwa da yawa, da ta haɗu da abu mai tauri sai ta tsaya tana ƙyafta fitila, in batirin ya mutu kuma shikenan ta zama abin wasan yara don ba kowa ke gyara ta ba. Ni ban ɗauke ta bilendar gida ba.

Wadda nake ganin ta fi dacewa da yawancin gidaje ita ce mai jog ɗin nan da muka saba, lita ɗaya da rabi, irin su Binatone, Century, Qasa da sauransu, masu tsada kaɗan kuma Philips, Kenwood, Panasonic. Ba wai don ta fi kowacce ƙarfi ba, a'a, don in wani abu ya lalace za ki samu na canji ne. Bilenda ba kasafai injinta ke fara mutuwa ba, abin da ke fara tafiya shi ne ƴar robar nan mai haƙora da ke haɗa jog da inji, sai zoben robar da ke hana yoyo, sai jog ɗin kansa ya tsage. In samfurin da ya cika kasuwa kika saya, mai gyara zai ciro miki robar daga cikin gwangwaninsa ya saka kina tsaye, in kuwa wani baƙon suna ne da ba wanda ya taɓa ji, inji lafiyayye zai zauna a saman kabad yana shan ƙura saboda roba ɗaya. Don haka tun a shago ki tambaya, malam ana samun jog ɗinta daban? In ya fara kame-kame kin samu amsa.

Sannan maganar da ba a cika faɗa ba, mu nan bilenda ɗaya ce take yin komai. Da safe an markaɗa attarugu da albasa da tattasai, da yamma a ɗauraye a zuba ayaba da madara, sai ki kurɓa ki ji yaji yana bin maƙogwaro. Jog na roba yana riƙe wari da kala, ko kin wanke da sabulu sau nawa. Na gilashi ba ya riƙewa, sai dai nauyi, kuma ranar da ya suɓuce daga hannun yara an gama. Abin da ya fi sauƙi ki sayi mai jog biyu ko ki ƙara kuɗi kaɗan ki sayi jog na biyu ki ware shi na kayan zaƙi kaɗai, ki ma ɗaura masa zare a hannu yadda ƴan aiki da yara ba za su haɗa ba.

Akwai kuma mai kofin da ake kifawa a kan inji, irin Nutribullet, akwai mai wat 600 akwai mai 900. Wajen laushi ba a magana, har ganye da ƴaƴan sitiroberi tana murƙushewa, ki cire wuƙar ki sha a kofin. Matsalarta tsada, ga na jabu sun yi yawa, kuma kofin na mutum ɗaya ne ko biyu, gida mai yara shida sai ki yi ta zagaye. Ba a zuba mata abu mai zafi kuma, tunda a rufe take ruf tururi ba shi da hanyar fita.

Masu kofin silba irin na Indiya suna da ƙarfi sosai, su wake na ƙosai da alale da kayan yaji duk suna yi, simuti ma suna yi, sai dai ƙara kamar injin markaɗen unguwa kuma ba kya ganin abin da ke ciki sai kin buɗe. Babbar nan mai jog lita biyu ta masu sana'a kuwa, in ba kunun aya ko fura da yogot kike sayarwa ba, ban ga dalilin kashe kuɗin ba, ga shi in an ɗauke wuta ƙaramin janareton nan na gida ba zai ja ta ba, inbata ƙarama mai ba da wuta daga batir ma kuka za ta fara. Wannan ma abin lura ne, mai wat 400 zuwa 500 za ki iya kunna ta da ƙaramin jen in an kashe sauran kaya.

Ƴan gwanjo fa? Ana dace sosai, wani lokaci tsohuwar Kenwood ko Moulinex ta Beljiyam ta fi sabuwa ta kwali ƙarko. Amma ki juya ƙasanta ki karanta. In kin ga 220 zuwa 240V to irin wutarmu ce, in kin ga 110 ko 120V daga Amurka ta fito, kina jonawa kai tsaye za ta ƙone, sai da taransifoma mai rage wuta, kuɗinsa kuma ya cinye arhar da kika samu.

Ko wacce kika ɗauka, yadda kike amfani da ita shi ne tsawon ranta. Ruwa ko madara ake fara zubawa, sai kayan laushi, masu daskarewa a ƙarshe, in mai kofin kifawa ce sai ki juya tsarin. Dabino ki cire ƙwallon ki jiƙa shi tukuna. Maimakon ƙanƙara ki ɓare ayaba ki yanka ki saka a firiza, za ta ba ki sanyi da kauri kuma wuƙa ba ta wahala, dama a Jos ɗin nan da sanyin Disamba wa ke neman ƙanƙara. Kar ki bar ta tana gudu fiye da minti ɗaya a jere, ki kashe ta huta, kuma in wuta ta zo ba ƙarfi kika ji sautin ya canza ki haƙura kawai.

Kafin ki miƙa kuɗi ki sa a jona miki ita a shagon, a zuba ruwa rabin jog a kunna, ki taɓa ƙasan ki ga ko yana ɗiga, ki shinshina ko akwai ƙaurin waya, ki gwada kowane maɓalli har da na dannawa a saki. Ki karɓi rasit da aka rubuta sunan samfurin da kwanan wata, in akwai katin garanti a sa masa hatimin shagon, kwalin ma kar a ba yara su yi mota da shi sai an kwana biyu.