Wata biyu da littattafan Abubakar Imam: sharhin wanda ya shiga zangon karatu

Wani zauren masu son karatu da nake ciki a WhatsApp ya ware wata biyu don littattafan marigayi Alhaji Abubakar Imam kaɗai. Tsarin ba shi da wuya. Shugabar zaure ta raba karatun mako-mako, kowa ya karanta kason da aka yanka, daren Asabar a haɗu a tattauna, wanda ya kammala a sa masa maki a jadawali. Ba a biyan ko sisi, sai kuɗin data da na littafi. Na bi shi har ƙarshe, kuma ina ba duk mai jin Hausa shawarar ya nemi irinsa, ko da yake akwai inda tsarin ya tauye wa littattafan haƙƙinsu.

Da Ruwan Bagaja aka buɗe, kuma an yi dabara. Imam ya rubuta shi a 1933, yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Gasar nan ce ta ba mu Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yawancinmu a aji muka san littafin, muna haddar sunaye don jarrabawa. Da girma ya zo, sai na ga abin da ya wuce ni a da: Alhaji Imam na cikin labarin ba salihi ba ne, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kowa gwanin ƙulla wa ɗan'uwansa tsiya ne, kuma ramuwar gayyar da ke tsakaninsu ita ke jan mai karatu daga gari zuwa gari, fiye da neman ruwan kansa. Ana jin ƙuruciyar marubucin a kowane shafi, yana sauri, yana nishaɗi da abin da yake yi.

Abin da ya fi kome daraja a zangon nan shi ne karatu da murya. Wata tsohuwar malamar firamare da muke kira Mama ce ta kawo shawarar kowa ya riƙa ɗaukar sakin layi ɗaya a saƙon murya ya turo. Ranar da ta karanta nata, zaure ya yi tsit, sannan saƙonni suka yi ta shigowa. Ta san inda za ta ja numfashi, ta san inda kirari zai hau, ta san yadda bafade ke lanƙwasa murya gaban sarki. A nan na gane Hausar Imam ta kunne ce. Jumlar da ido ke tsallakewa, in baki ya furta ta sai ka ji nauyinta. Akwai matasa a zauren da suka tashi a Legas da Kumasi, Hausarsu ta gida ce kawai, su ma ta wannan hanya suka kama zaren.

Matsalar ta zo a Magana Jari Ce. Littafi uku ne, an buga su tsakanin 1937 da 1939, aka ba kowanne mako guda. Wannan ya yi kaɗan ƙwarai. A littafi na farko, aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari ne kowane dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri, har gari ya waye. Ginin littafin ke nan: dare ɗaya, labarinsa, a kwana ana tauna shi. Mu kuwa muna haɗiye labari biyar ko shida a zama guda don kada sunanmu ya sauka ƙasa a jadawalin maki. Kafin Asabar labaran sun cakuɗe a ka, tattaunawa ta koma wa ya gama, wa bai gama ba. Labarin Kalala da Kalalatu shi kaɗai ya isa a yi dare guda ana magana a kansa, amma a minti kaɗan aka wuce shi. Jadawalin makin nan, a ganina, ya fi ɓarna fiye da amfani.

An kuma yi gardama mai zafi da wani ya ce ai Imam aro ya yi. Gaskiya ne da yawa daga labaran suna da tushe a Alfu Laila wa Laila, da tatsuniyoyin Jamus, da wasu na Indiya, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Wasu sun ji kamar an rage masa daraja. Ni ban ga haka ba. Duba yadda ya zaunar da labaran a fada da kasuwa da zauren malam, ya sa musu karin magana a matsayin take, har yaron Kano ko Damagaram ba zai taɓa zargin baƙi ne ba. Wannan aiki ne na gwani. Da masu shirin sun gayyato malamin adabi ko da dare ɗaya, da gardamar ta zama darasi maimakon ta mutu da ɓacin rai.

Sai batun kwafi. An turo wasu hotunan shafuka a waya, wasu sun dushe, wasu babu su, wani kwafin da aka sake bugawa da kwamfuta kuma ya zubar da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ gaba ɗaya. Wanda ya sayi bugun kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya ya huta da wannan wahala.

Makon ƙarshe an taɓa Imam ɗan jarida, editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo tun Janairun 1939, da Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwansa Ingila a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kaɗan daga cikinmu suka sami littafin, saboda haka aka bi ta kai a gurguje, abin da ya ba ni takaici.

In za ka shiga irin wannan zango, ka tanadi littattafan na takarda tun kafin a fara, ka roƙi a ba Magana Jari Ce aƙalla wata guda, kuma ka nemi a sa karatu da murya tun makon farko.