Ƙanwata, ga yadda aikin imajansi yake ga mace likita a Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata, ya gida ya aiki, ya su Hajiya? Tunda kika fara shirin jarabawar PLAB, wadda likitan da ya yi karatu a waje ke ci kafin a ba shi lasisin aiki a Birtaniya, kike tambayata wai in faɗa miki tsakani da Allah, mace likita a sashen gaggawa a nan daidai take da namiji ko kuwa duk kanwar ja ce da gida. Toh yau na samu sarari bari in zuba miki, dan Allah ki tura wa ƙawayenki da kuka gama tare su ma su karanta.

Abin da ido zai fara gani dai mata sun cika asibiti. A farkon 2025 hukumar da ke yi wa likitoci rajista, GMC, ta sanar cewa karon farko a tarihi mata masu lasisin aiki sun fi maza yawa a Birtaniya, ratar kaɗan ce amma dai sun fi. Kwalejinmu ta likitocin gaggawa, RCEM, sai a 2019 ta samu shugaba mace ta farko, Katherine Henderson. Za ki shiga dutin dare ki tarar kwansaltan, wato babban likitan da ya gama ƙwarewa, mace ce, rejistira mai bi masa da ke cikin horo mace ce, an kawo wanda mota ta buge mace ce ke tsaye a kansa tana ba da umarni kowa na bi, ba mai ɗaga kai ya kalle ta. Kin san a gida da kin ce imajansi kike so sai a fara ba ki shawara ki koma gaini, wato ɓangaren mata, ko ɓangaren yara, wai can ya fi dacewa da mace. Nan ba wanda ya taɓa ce min haka a fuskata, wannan kam na yaba musu.

Kayan aiki kuma ba a magana. Safar hannu, ruwan ƙari, allura, iskar oksijin, duk suna nan a ɗaki, ba sai kin rubuta wa 'yan uwan marar lafiya takarda sun ruga kyamis cikin dare ba, kuma ba a tambayar kuɗi kafin a taɓa mutum. Kinga rabin faɗan da ake yi da likita a gida daga nan yake tasowa, kuma idan mace ce a duti an fi samun ƙarfin halin yi mata tsawa. Amma kar ki ɗauka nan hutu ne. Ƙa'idarsu ita ce kashi 95 cikin ɗari na masu zuwa a gama da su cikin awa 4, rabon da Ingila ta cika wannan ƙa'ida tun 2015, marasa lafiya a kan gadon turawa har cikin baranda, daren Juma'a da Asabar kuma ga mashaya. Su kansu kayan da yawa da jikin namiji aka auna su, lokacin korona mata da yawa takunkumin nan mai matsewa ya ƙi zama a fuskarsu sai da aka yi ta canza samfuri. Hijabi ba matsala, dokar tufafi ta NHS, wato tsarin asibitocin gwamnatin nan, ta yarda da shi, har wani asibiti a Derby ya fito da na sawa a yar a 2019 don ɗakin tiyata, sai dai hannu daga gwiwa zuwa ƙasa a buɗe ake so saboda tsafta, ki zo da shirin wannan.

Albashi a takarda ɗaya ne, kamar dai CONMESS ɗinmu, tsarin albashin likitocin gwamnati a gida, matakinki shi ne kuɗinki. To amma a 2020 gwamnati ta fitar da wani bincike da Farfesa Jane Dacre ta jagoranta, aka gano likitocin asibiti mata a Ingila suna samun ƙasa da maza da kashi 18.9 cikin ɗari, kuma wannan bayan an daidaita lissafin awoyin aiki ne. Ba wai akawu ne ke zaftare wa mace ba. Matakalar albashin kwansaltan ce doguwa, a da sai kin yi shekara 19 kafin ki kai ƙololuwa, sai a yarjejeniyar 2024 aka rage zuwa 14, duk wadda ta tsaya haihuwa ko ta rage kwanakin aiki a hankali take hawa, sannan akwai kuɗin yabo da sai mutum ya cike takarda ya yabi kansa kafin a ba shi, maza sun fi nema, ga ƙarin aikin ƙarshen mako mai tsoka wanda mai goyo ba ta isa ta ɗauka ba.

Hutun haihuwa shi ne abin da zai burge ki. Shekara guda cur kike da hakki, sati 52. A NHS sati 8 na farko cikakken albashi, sati 18 rabin albashi da ɗan tallafin gwamnati, sati 13 tallafin kawai, sauran 13 ba ko sisi amma kujerarki na nan. Ki kwatanta da sati 16 na ma'aikatan tarayya a gida. Sai dai ki kula, wannan tsarin na NHS sai kin yi wata 12 kina aiki da su ba yankewa kafin cikin ya kai wajen wata bakwai, wadda ta zo da ciki ko ta samu da zuwanta ba za ta ci wannan gajiyar ba, na ga 'yan uwanmu da abin ya zo wa a bazata suka sha wuya sosai. Shi kuma uban yaro sati 2 ne nasa, kusan daidai da kwana 14 da aka amince wa maza ma'aikatan tarayya a Najeriya a 2021. Akwai tsarin da miji da mata za su raba hutun tsakaninsu tun 2015, amma maza kaɗan ne ke ɗauka.

Sannan za ki iya rage aiki ki koma kashi 80 ko 60 kina cikin horon ƙwarewa, kuma a ɓangarenmu na gaggawa aka fara gwada ba kowa wannan dama ba tare da ya kawo dalili ba, a 2017, saboda mutane na gudu don gajiya. Abu ne mai kyau wallahi, ya riƙe mata da yawa a aikin. Amma ki yi lissafi, horon shekara 6 ne, a kashi 60 ya zama shekara 10. Wanda kuka fara rana ɗaya ya zama kwansaltan yana sa miki hannu a takarda ke kina nan rejistira.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, raino. Ƙanwata abin da kike samu kyauta a gida nan shi ne mafi tsada. Ke yanzu in kina kol, wato dutin kwana a asibiti, Hajiya na nan, ga ƙannenmu, ga yarinyar da ke taya ki aiki, ko maƙwabciya ma sai ta ce kawo shi nan ya kwana. Nan babu. Gidan raino na cikakken lokaci ga ɗan ƙasa da shekara biyu yakan haura fam 1,000 a wata, a Landan ya fi haka nesa, kuma ƙarfe 6 na yamma sun rufe, kin makara su caje ki tara. Imajansi kuwa ba ta san ƙarfe 6 ba, dutin dare daga goma ne zuwa takwas na safe. Gwamnati na biyan awa 30 na raino a sati ga iyaye masu aiki, tun Satumbar 2025 har ga jariri ɗan wata 9, amma mu da bizarmu ta ce ba mu da hakkin tallafin gwamnati yawanci ba ma ciki sai mun samu takardar zama ta dindindin. Ki ce za ki kawo Hajiya, bizar ziyara wata 6 ce iyaka, ta zama dindindin ga iyaye kuwa samunta sai wanda Allah ya so. Injin wanki da sayayyar da ake kawowa har ƙofa da naman halal a shagunan 'yan Pakistan suna rage wahala, amma ba ɗayansu da zai riƙe miki yaro mai zazzaɓi ƙarfe uku na dare. A yawancin gidajen da na sani, har waɗanda miji da mata duk likitoci ne, Turawa da namu, idan aka zo wa zai rage aiki matar ce ke ragewa, kuma daga nan ratar albashin da na faɗa miki take farawa. Abin yana ci min rai don ina ganin mata masu hannu, masu natsuwa a lokacin da kowa ya rikice, suna barin imajansi su koma likitan unguwa saboda lokacin tashi daga aiki kawai.

Raini ma akwai shi, ba ɓoyewa. Ƙungiyar likitoci ta BMA ta yi tambaya a 2021, kashi 91 cikin ɗari na mata likitocin da suka amsa sun ce an taɓa nuna musu bambanci don su mata ne. Za ki gabatar da kanki a matsayin likita, ki duba mutum ki yi masa bayani tsaf, kina juyawa ki ji yana waya yana cewa har yanzu likita bai zo ba nas kawai na gani. Aikin nas ba abin rainawa ba ne, su ke riƙe da sashen, amma namiji ɗan ƙaramin likita ba a yi masa haka. Ga baƙar fata ga hijabi, abin sai ya ninku. Bambancinsa da gida shi ne nan akwai inda za ki kai ƙara a rubuce kuma dole a amsa.

Ni dai ina so ki zo, kuma ina so ki zaɓi imajansi don na san hannunki. Amma tun kafin ki biya kuɗin kashi na biyu na jarabawar PLAB ki zauna da maigidanki ku yi magana ta gaskiya, wa zai ɗauko yaro da yamma, wa zai kwana da shi in kina duti, shin zai yarda shi ma ya rage aiki wata shekarar. Ranar intabiyu kuma kar ki ji kunya, ki tambaye su ko likitoci ne ke tsara rostarsu da kansu, ko suna da gidan raino a cikin asibiti da ƙarfe nawa yake rufewa, da ɗakin tatsar nono mai firij, sannan cikin kwansaltan ɗinsu mata nawa ne.