JAWS ko NVDA: wanne ya cancanci kuɗin tallafi?

A Ostireliya, mai larurar gani da ke cikin shirin NDIS, na gwamnati mai tallafa wa masu buƙata ta musamman, yana iya neman a saya masa manhajar da ke karanta masa allon kwamfuta da murya, irin su JAWS da NVDA. JAWS ta kamfanin Freedom Scientific sai da kuɗi, kuma tana da tsada. Amfaninta ya fi fitowa a ofis, inda ake iya daidaita ta da manhajojin wurin aiki. NVDA kuwa kyauta ce. Michael Curran, shi ma makaho ɗan ƙasar, ya fara ta a 2006, har a filashi ana ɗaukarta a cusa a wata kwamfutar Windows ta hau magana.

Ni dai ga ɗalibi NVDA ta wadatar. Gara a nemi tallafin a kan allon rubutun makafi na lantarki, wanda ba ya samuwa kyauta.