Gargaɗi Ga Masu Kiwon Kifi a Sakkwato Kan Irin Kifin da Ba Ya Girma

Ina jan hankalin 'yan'uwa masu kiwon kifi game da wani mutum da ke tallata 'ya'yan kifi a Facebook da WhatsApp, yana cewa irin kaf ne (wani babban kifin kiwo da ake kira carp da Turanci) daga gonar kifi ta Panyam da ke Jihar Filato. Gaskiya ne an fara kiwon kaf a Panyam tun shekarun 1950, kuma da wannan sunan yake rufe idon mutane, amma abin da yake turowa bai taɓa ganin Filato ba.

Ƙanena ya tura masa kuɗin guda 500, aka aiko su cikin jarkoki ta hannun direba, ya karɓa a tasha. Wata huɗu yana zuba musu abinci mai tsada, yana sauya ruwan tanki cikin zafin bazara, amma ko ɗaya bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Da muka kai wa wani dattijon masunci a Kwalkwalawa samfuri cikin roba, kallo ɗaya ya yi musu ya ce, "Yaro, ai waɗannan sun gama girmansu, irinsu yara ke kwasa a gefen Rima idan ruwa ya janye."

Yaudarar tana tafiya ne saboda waɗannan ƙananan kifayen kogi dangin kaf ne na haƙiƙa. Suna da ɓawo mai ƙyalli da ɗan gashin baki, babu haƙora a muƙamuƙinsu, don haka wanda bai goge ba zai rantse ɗan kaf ne. Sai dai yawancinsu ba sa haura santimita 10 har su mutu, alhali kaf yana kai kilo da yawa. Bambancin yana ga ƙayar baya, wato fiffiken da ke saman bayan kifi: ta kaf doguwa ce, tana miƙewa har kusa da wutsiya, tasu kuwa gajeriya ce a tsakiyar baya, kuma da dama cikinsu suna da ɗigo baƙi ko zane a gefen jiki.

Kada kowa ya biya kuɗin irin da bai ga inda aka ƙyanƙyashe shi ba, bai kuma ga iyayen da idonsa ba. Shi wannan mutumin, duk wanda ya nemi zuwa gonarsa sai ya ce ya yi tafiya. Lambar da ƙanena ya yi ciniki da ita yanzu a kashe take, amma tallar ta sake fitowa a makon jiya da wani suna daban, da hotunan nan dai na farko.