Digirin MBA ko gogewa a bakin aiki?

Matasa sun ishe ni da tambaya: mai son shugabantar kamfani ya tafi karatun MBA, ko ya goge a bakin aiki?

MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda Jami'ar Harvard ta fara a 1908, zai koya maka karanta lissafin kamfani, ya haɗa ka da manyan gobe. Amma galibi shekara 2 ne a Amurka, ba albashi, ga tsada. Kuma ba ya gyara hali: Jeffrey Skilling, tsohon shugaban Enron, kamfanin Amurka da ya durƙushe a 2001 saboda almundahana, a Harvard ya yi nasa.

Gogewa kuwa, kana koyo ana biyanka, sai dai har kurakuran maigidanka za ka gada.

Mai neman sauya layi ko shiga babban kamfani, MBA ya dace da shi. Wanda tuni yake da yara a ƙarƙashinsa, kasuwarsa na tafiya, gogewa ta fi masa.