Sharhi kan aikin ƙabar cikin ciki a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda

Ƙanena aka yi wa wannan aiki, ni kuma na yi jinyarsa. A wajen gano cutar da fiɗar kanta, asibitin ya cancanci yabo. A wajen takardun inshora da bayanin sallama kuwa, akwai gyara sosai.

Ƙabar da muka saba da ita tana bullowa a cibiya ko matsematsi, ido ya gani, hannu ya taɓa. Wannan ba ta fitowa waje. Ƙaramin hanji ne ke kutsawa cikin wani rami a tantanin da ke riƙe da hanji, ya maƙale can. Wasu da ramin aka haife su, irin wanda ke gefen hagu na mafarin ƙaramin hanji, kuma shi ne na majinyacinmu. Wasu bayan aikin rage ƙiba na karkatar da hanyar abinci ne yake samuwa, aikin rage ƙiba kuwa ya yawaita a Saudiyya. Duk wanda aka taɓa yi masa, ya fara faɗin haka kafin likita ya tambaya.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ciwon yana zuwa yana tafiya. Ciki ya murɗa bayan cin abinci, a yi amai, hanjin ya zame ya fito da kansa, sai a ce gyambon ciki ne, a saya maganinsa a saidaliyya. Kyamarar da ake zurawa ta baki iyakarta tumbi da mafarin hanji, ba za ta ga ramin ba. Hoton duban ciki na yau da kullum kuma iskar hanji ce ke rufe shi. Nan na yaba wa likitan sashen gaggawa: ya sa an duba ƙoda ta jini, aka yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, aka ɗauki hoton CT, na na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, ciwon na kan ganiyarsa. Da an bari ya lafa, hoton na iya fitowa lafiya ƙalau. Abin da ake nema shi ne hanji ya cure wuri guda kamar a cikin jaka, jijiyoyinsa sun murɗe.

Kafin shiga ɗakin tiyata an hana ci da sha, an ɗaura ƙarin ruwa, an zura roba ta hanci don zuƙe abin da ya taru a tumbi.

Fiɗar da kyamara aka yi ta, ta ƙananan huji masu faɗin milimita 5 zuwa 12, bayan an hura cikin da iska. Ana janyo hanjin a hankali, domin hanji mai kumburi saurin yagewa gare shi. Haɗarin wannan ramin na hagu shi ne wata babbar jijiyar jini da ke bi ta bakinsa, don haka ba a faɗaɗa shi da garaje. In hanjin ya yi duhu, ana jiƙa shi da ruwan gishiri mai ɗumi a jira minti 10 zuwa 15 ko launinsa zai dawo. In bai dawo ba, a yanke ruɓaɓɓen a haɗa lafiyayyun. Namu bai kai nan ba. An ɗinke ramin da zaren da ba ya narkewa, ba a sa ragar da ake ƙarfafa ɗinkin ƙaba da ita ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne jiran amincewar kamfanin inshora. Hanjin da jini ya daina kai wa yana iya mutuwa cikin kamar awa 6, bai kamata takarda ta riƙe irin wannan majinyaci ba. A zo da iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da katin inshora tun farko, a kuma nemi likita ya rubuta cewa aikin na gaggawa ne.

Takardar sallamar ma da Larabci da Turanci kawai take, ba wanda ya zauna ya yi bayani, alhali da yawa daga 'yan uwanmu Larabcin kasuwa suke ji, ba na asibiti ba. Abin da ya kamata a faɗa musu: a riƙa tattaki tun washegari, a fara da abu mai ruwa-ruwa har iska ta soma fita ta dubura, kada a ɗauki kaya mai nauyi sai likita ya yarda. In zazzaɓi ya taso, ko amai kore, ko ciki ya kumbura bayan gida ya tsaya, a kira motar asibiti ta 997 nan take, ko da tsakar dare ne.