Sinkin kicin a Jamus: abin da na gani a ƙarƙashin kantar girki

Wanda bai taɓa kama haya a Jamus ba zai ɗauka ƙari nake yi, amma a nan sau da yawa gidan haya ba ya zuwa da kicin. Ɗakin dai yana nan da tagarsa da tayil a bango, sai dai fayau yake: ba kabad, ba kanta, ba murhu, ba sinki. Bakin bututun ruwa ne kawai ya leƙo daga bango, da na fitar da ruwan datti a ƙasansa. Wanda ya tashi ya kwance kicin ɗinsa ya tafi da shi tare da gadonsa da kujerunsa. Haka muka tarar da namu a birnin Kolon, kuma kafin a zo a haɗa mana, a banɗaki nake wanke-wanke a durƙushe, bayana kamar ya tsinke.

Sayen kayan bai ba mu wuya ba. Wuyar tana wajen samun ranar da mai haɗawa zai zo, don a ƙasar nan ba a kiran kafinta a ce masa ya zo yanzu. Rana ake ba ka, makonni a gaba, ka zauna ka jira, ko da a ƙasa kake girki. Na yi mita har maigida ya gaji da ji.

Da ranar ta zo, wani dattijo ne ya iso da akwatunan kayan aikinsa, kuma abin da ya yi da sinkin nan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun farko mun ɗan yi ja-in-ja. Na taɓa ganin wani sinki a gidan maƙwabciyata wanda aka maƙala ta ƙarƙashin kanta, ba shi da leɓe a sama, sai ka share ruwa da ɓarɓashin albasa kai tsaye su faɗa ciki. Na ce irinsa nake so. Ya ƙwanƙwasa allon kantarmu da yatsa ya ce ba zai yi ba. Allon namu garin katako ne da aka matse da gam, kaurinsa milimita 38, aka lulluɓe samansa da wata fata mai hana ruwa shiga. In aka sa sinki ta ƙasa, bakin da aka yanke zai zauna a fili yana shan ruwa kullum, katakon ya kumbura ya ruɓe. Ya ce wancan salon na mai kantar dutse ne, giranit ko makamancinsa, inda ake huda dutsen ta ƙasa a dasa mariƙai ko a manna su da gam mai ƙarfi. Akwai ma salo na uku da ake fafe gefen ramin daidai kaurin leɓen sinkin, ya zauna sumul da kanta, kuma ya fi tsada. Namu sai na ɗorawa ta sama. Raina bai so ba a lokacin, don a gida ban saba mai aiki ya ce mini a'a ba alhali ni zan biya. Amma gaskiyarsa ce.

Sai ya kifa sinkin a kan allon, ya zagaye shi da fensir, ya sake jan wani layi kamar santimita 1 ta ciki. Ya manna tef a kan layin don kada zarto ya ɓantare fatar allon, ya huda kusurwa huɗu, ya zura zarton lantarki ya yanke. Duk wannan ban yi mamaki ba, kafintocinmu ma gwanaye ne a yanka. Abin da ya tsayar da ni shi ne na gaba. Ya goge bakin yankan da samfefa, ya ɗauko silikon, wani gam mai kamar roba da ke hana ruwa shiga, ya shafe ɗanyen katakon nan gaba ɗaya, zagaye, yana bi da yatsa yana cusawa, har bai bar ko ɗigon wuri a buɗe ba. Wuri ne da sinki zai rufe, ba mai sake ganinsa har a kwance kicin ɗin. Na ce masa, ta bakin maigida da yake mana tafinta, wa zai ga wannan? Ya ce ba don mutane yake yi ba, don ruwa ne. Bai ko ɗaga kai ba.

Daga nan ya buɗe wata 'yar leda da ta zo cikin kwalin sinkin. 'Yan ƙarafa ne masu ƙugiya, kowanne da notinsa. Ya jera su a ƙarƙashin leɓen sinkin, ya zagaya leɓen da abin toshe ruwa, ya saukar da sinkin cikin ramin, sannan ya kwanta rigingine a cikin kabad da tocila. Ƙugiyar kowane ƙarfe tana kama ƙasan allon, in aka ɗaure notin sai ta jawo sinkin ƙasa ta matse shi. Bai ɗaure su a jere ba. Sai ya ɗan matsa na wannan gefe, ya koma na gefen da ke fuskantarsa, a hankali, kuma da hannu, ya ajiye injin ɗaure noti a gefe don kada ƙarfinsa ya lanƙwasa leɓen. Ya ɗora lebur, wato ma'aunin gane ko abu ya karkace, ya duba. Ya haɗa bututun nan mai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa don hana warin kwata dawowa, ya cika sinkin taf, ya shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasan kabad, ya saki ruwan lokaci guda, ya tsaya yana kallon takardar. Ba ta jiƙe ba. Ya ce kada in bari ruwa ya taɓa gefen sai bayan awa 24.

Wallahi ina tsaye ina kallonsa, kicin ɗin gidanmu na Kano nake gani, da na yayata, da na kusan duk amaryar da na taɓa zuwa wa jere. Ku faɗa mini, a cikinsu wanne ne in ka buɗe kabad ɗin ƙarƙashin sinki ba wari ne zai fara tarbarka ba? Kowa ya san yadda muke yi. Birkila ya zuba kankare, ya bar rami da ƙiyasi, a jefa sinki, a cike gefe da farin siminti, a bi da tayil, shi ke nan an gama. Ledar 'yan ƙarafan nan, in ma ta zo, tana cikin shara tare da kwali. Alhali ƙarfe da siminti ba sa tafiya tare: ka zuba ruwan zafi ƙarfe ya ɗan buɗe, ya huce ya koma, siminti kuwa ba ya iya bin sa, sai ya tsage. Ta tsagar nan ruwa ke bi kullum, ƙofar kabad ta kumbura, fumfuna ta kama, kyankyasai su tare. Sannan a ce matar gidan ce ƙazama, ko 'yar aiki ce ba ta iya wanke-wanke ba. Wannan zalunci ne a kan mata, kuma ya daɗe yana ci mini rai. Iyaye su kashe maƙudan kuɗi a kan kwanukan jere da za a nuna wa 'yan ganin ɗaki, amma bututu ɗaya na silikon ya gagara, don shi ba ya fitowa a hoto.

Sinki mai faɗin santimita 40 kowane gefe da zurfin 19 yana cin ruwa kusan lita 30, wato kilo 30, ban da tukwane. Wannan nauyin ne muke rataya wa a kan ɗan siminti da fatan alheri.

Kada kuma a ɗauka Jamusawan nan halinsu ne kawai ya fi namu. Tsari ne ya ɗaure su. Kafinta a nan shekara 3 yake koyon sana'a tsakanin makaranta da wurin aiki kafin ya ci jarrabawa, mai aikin famfo shekara 3 da rabi. Mai haya kuma yana ajiye kuɗin jingina da doka ta yarda ya kai hayar wata 3, in ruwansa ya yoyo ya ɓata ƙasa ko silin na maƙwabcin ƙasa, za a neme shi. Kamfanonin ƙera sinki ma sun daɗe a harkar: Blanco tun 1925 yake, Franke na ƙasar Suwizalan tun 1911. Ramin famfo a jikin sinki milimita 35 ne kusan a ko'ina, don haka in ka sayi kan famfo a wani shagon zai shiga ba tare da an fafe ba. Mu kuwa yaro ya bi oga na 'yan watanni, ya sayi sifana, ya zama falamba, kuma in ya ɓata aiki sai a ce a yi haƙuri.

Amma fa akwai abin da ba zan yaba musu ba. Allon garin katakon nan da suke ta lallaɓawa, kankarenmu ya fi shi nesa ba kusa ba. Namu ba ya tsoron ruwa, ba ya tsoron tukunya mai zafi. Da za mu zuba kankaren da awo, mu gyara bakin ramin, mu zaunar da sinki a kan silikon maimakon siminti, da kantarmu ta binne tasu. Ga kuɗin aiki da sai ka yi salati in ka ga takardar. Ga ranar Lahadi da shaguna ke rufe, ba a huda bango, ba a buga guduma, ko da ranar kaɗai kake da hutu. Ruwan Kolon kuma mai alli ne, ka goge sinki ya bushe, sai ka ga farin tabo ya dawo. Sinkin kansa na masu dafa taliya a 'yar tukunya ne. Tukunyar da nake tuƙa tuwo in baƙi za su zo ba ta shiga, sai a karkace.

Kuma dattijon nan, duk da na yaba aikinsa, ko ruwa da ƙyar ya karɓa. Na zuba masa shinkafa da miya ya ce ya gode, ya duba agogo, ya miƙo takarda na sa hannu, ya tafi. Na tuna mai gyaran famfonmu na unguwa, wanda ko bayan magariba ka aika yaro zai zo a kan babur, ya gaida Hajiya a durƙushe, ya ci tuwo, ya ce a ba da abin da ya samu. Na tuna wanke-wanke a tsakar gida da ƙannena, ɗaya na wankewa ɗaya na ɗauraya, ana hira har a manta da yawan kwanukan. A nan ni kaɗai ce a gaban taga, sinki ba ya yoyo, ba kuma mai ce mini sannu.

Ƙanena yana gini yanzu a Kano, na kuma riga na gaya masa. In ya je kasuwar Ƙofar Ruwa sayen sinki, ya sa a buɗe kwalin a gabansa ya ga ledar mariƙan da idonsa, ya haɗa da silikon na banɗaki da kicin mai hana fumfuna, da bututu mai lanƙwasa na gaske. Ranar da za a ɗora kuma ya ɗauki hutu ya tsaya a kansu, kada ya biya cikon kuɗin aiki sai an cika sinkin da ruwa an sake shi yana kallon ƙasan kabad.